Tantin da Muka Kafa a Kan Yashi

Lokacin da nake yaro a Haɗeja, kamun kifi sana'a ce ta masu ita. Wanda ka ga ya kwana a bakin kogi, dole ce ta kwantar da shi: ko su, ko fatauci, ko jirgin fito ya tafi ya bar shi. Da wani ya ce zai bar gadonsa ya biya kuɗi a kai shi daji ya kwana a ƙasa, da an nemo masa mai ruƙiyya. Yanzu kuwa yaranmu da ke karatu a Kuala Lumpur, in littafi ya ishe su, abin da suke yi ke nan a ƙarshen mako. Na je ganin 'yata Hajara da jikokina, sai ga ni cikin irin wannan tafiya.

Asabar: Taman Melati zuwa Bentong

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka sauko daga bene a unguwarsu ta Taman Melati. Mu uku ne: ni, da surukina Mukhtar mijin Hajara, wanda ke digiri na uku a jami'ar da ke Jalan Semarak, da abokinsa Bashir, ɗan Zariya, mai motar. Shekara bakwai Mukhtar yana auren 'yata, bai taɓa haɗa ido da ni ba, bai taɓa cin abinci a gabana ba. Ni na ji suna shiri na ce zan bi, shi kuwa ba shi da bakin cewa a'a.

Hajara ta rako mu bakin mota, ta nuna mijinta. "Baba, Abban Amir fa bai iya ruwa ba. Don Allah a kula mini da shi."

"Ke, ni da na tsallake Nilu a kwalekwale? Koma ki kwanta."

Muka biya kuɗin hanya a Gombak, muka hau titin Karak. Titi ne mai kyau, sai dai lanƙwasa kamar ta hawan Mambila, ga hazo. Shida da minti biyar muka yi sallah a wurin hutun matafiya na Genting Sempah. Bakwai da kwata muna Bentong, wajen kilomita saba'in daga gida. Muka shiga shagon mamak, wato masu shayinsu, muka ci roti da shayin madara, ringgit goma sha huɗu a kuɗinsu mu uku. Mukhtar ya ɗauki nasa ya koma bayan ginshiƙi.

"Baba, ku bar shi," in ji Bashir. "Ko a gaban sufabaizansa ba ya irin wannan rawar jiki."

Bentong zuwa ƙauye

Kafin Raub muka tarar da shingen 'yan sanda. Ɗaya ya duba lasin Bashir, ya leƙa ya ga sandunan kamun kifi. Ya yi dariya, sannan ya ɗaga kai ya dubi duwatsun da ke gabanmu, dariyar ta ɗauke. Ya faɗi wata magana da Malayanci, na tsinci kalma biyu: kepala air.

Ina jin Larabci da Faransanci da Turanci, ina taɓa Sawahili, amma Malayanci sai a yanka ni da shi. Na tambayi Mukhtar.

"Wai kan ruwa, Baba. In aka yi ruwan sama can kan dutse, sai ya taho wa kogi gaba ɗaya, ko da nan ƙasa rana ake yi. Duk shekara yana cin mutane."

Na ce na san wannan, na ga irinsa a kwarurukan Hijaz. Amma ko can hadari yakan yi sallama. Muka wuce Raub.

Tara da rabi muka isa wani ƙauye, kilomita ashirin da biyar daga Raub, inda kwalta ta ƙare. Nan muka sami ɗan jagoranmu, Pak Din, wani siririn dattijo mai furfura a gemu, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Bashir ya yi mini alkawarin kifin tirawut, irin wanda na ci a tsaunukan Kenya. Pak Din ya ce babu shi a nan, ruwansu bai kai wannan sanyi ba. Nasu sunansa kelah, jan kifi mai manyan ɓawo, kuma da kwakwar manja ake yaudararsa. Ya nuna mana buhu guda.

Muka bar motarmu, muka hau tsohuwar a-kori-kurarsa. Kilomita tara, minti hamsin, cikin gonakin manja. Daga nan ƙafa, minti arba'in. Wayoyinmu suka daina kamawa. Daji ne wanda ba ka ganin sama sai ɗan tsaki-tsaki, ƙasa jiƙe, ko'ina matsattsaku. Suna tsaye kan ganye suna kaɗa kai, suna jiran ƙafar mutum. Kafin mu kai kogi na cire bakwai daga ƙwaurina, safata ta yi ja.

Bakin kogi

Kogin bai fi faɗin titi biyu ba, ruwa garau, ana ganin tsakuwa. A tsakiyarsa akwai wani tudun farin yashi, busasshe, shimfiɗe kamar tabarma. Tsakaninsa da gaɓarmu ruwa iya gwiwa, taku goma sha biyu. Ita gaɓar kuwa tsayinta ya kai mutum biyu, samanta laka da saiwoyi da matsattsaku.

Pak Din ya hau sama ya fara sharar wuri. Na ce a'a, a kan yashi za mu kafa tanti. Mu a gida kan yashin kogi fatake ke sauka, ba ƙaya, ba kunama. Na ɗaga kai, sama shuɗi fes.

Pak Din ya sauko, ya kama hannuna, ya nuna mini wata bishiya a gaɓa. A cikin rassanta, sama da kaina da kamu uku, akwai busasshiyar ciyawa da wani tsohon silifa a maƙale. Ya yi magana mai tsawo, muryarsa tana hawa.

"Me ya ce?"

Mukhtar ya sunkuyar da kai. "Wai... sama ta fi, in da hali. Amma duk yadda kuka gani, Baba."

"Kai me ka gani?"

"Duk yadda kuka ce."

Bashir ya buɗe baki, Mukhtar ya taka masa ƙafa. Na gani, na yi kamar ban gani ba. Gwiwoyina suna ciwo, kuma ban so a ce matsattsaku nake gudu. Aka kafa tanti a kan yashi. Pak Din ya ɗaura ragar kwanciyarsa can sama tsakanin bishiya biyu. Sannan ya ɗaure wata doguwar igiya a gindin bishiya ya sako ta har bakin ruwa.

Ranar ba mu kama komai ba sai wasu ƙanana biyu da Bashir ya soya. Da dare ban yi barcin kirki ba, silifan nan yana raina. Duk sanda na farka sai in ga Mukhtar zaune a ƙofar tanti, ya haska ruwa da tocila. Gari ya waye lafiya. Na dubi Pak Din na ce da Turanci, "Ka gani?" Shi kuwa kan dutse yake kallo.

Lahadi

Mun shirya tashi ƙarfe biyu. Bayan azahar na ce bari in gwada sau ɗaya. Na hau wani faffaɗan dutse a ƙarshen yashin, na jefa ƙugiya. Ƙarfe ɗaya da minti arba'in sandar ta lanƙwashe har ta kusa ƙwacewa. Na ga jan bayansa ya juya a cikin ruwa, ya kai tsawon hannuna.

Sai na ji Pak Din yana fito da yatsu daga sama, fito mai tsini, ba ƙaƙƙautawa. Na ga ganyaye suna wucewa ta gefen dutsen, da 'yan ƙirare. Ruwan da ke garau ya soma komawa kalar shayin da muka sha a Bentong. Wata iska mai sanyi ta bugi wuyana. Rana kuwa tana nan tsaye a kaina.

Bashir ya riga ya tsallake yana ihu. Mukhtar ya zo bayana, ya durƙusa. Wallahi durƙusawa ya yi.

"Baba, wai ko za a ɗan matsa sama?"

"Bari in fito da shi."

"Baba, da dai an haƙura."

"Na ce bari!"

Sannan muka ji shi. Kamar tirela goma sun taho a jere cikin daji, har dutsen da ke ƙarƙashina yana rawa. Mukhtar ya miƙe, ya fizge sandar daga hannuna, ya wurga ta cikin kogi. Ya dube ni cikin ido.

"Tashi mu tafi! So kake ka kashe mu?"

Ya damƙi hannuna ya ja ni. Ruwan da ke iya gwiwa ya kai ƙugu, yana tura mu gefe, duwatsu suna birgima suna bugun ƙafafunmu. A taku na shida ƙafata ta zame, na sha ruwa, gilashina ya tafi. Ya ɗago ni ta hammata, ya sa ni gaba, yana tura ni da ƙirjinsa yana salati da ƙarfi. Bashir ya rataye a igiyar Pak Din ya miƙo hannu, ya cafki wuyan rigata. Suka ja ni sama kamar buhu.

Da na juyo, Mukhtar ba ya nan.

Kan ruwan ya iso, jajawur, tsayinsa ya fi mutum, ɗauke da itatuwa sukutum. Tantinmu ya tashi sau ɗaya ya nutse. Yashin ya ɓace. Abin da ke kunnena kawai muryar Hajara a bakin mota.

Pak Din ne ya hango Mukhtar, can ƙasa da mu kamar taku talatin. Ruwa ya maka shi cikin wani kurmin gora da ya sunkuyo daga gaɓa, ya rungume gora ɗaya da hannun dama, kansa yana nutsewa yana fitowa. Dattijon nan ya kwance igiyar, ya ruga cikin saiwoyi ba takalmi, ya ɗaura ta a wata bishiyar, ya ɗaura ɗaya bakin a ƙugunsa, ya sauka. Ni da Bashir muka riƙe. Wani gungume ya taho, ya bugi gorar, ya bugi kafaɗar Mukhtar, na ji ƙararsa duk da rugugin ruwa. Bai saki ba. Ban san addu'ar da na karanta ba, na dai san igiyar ta saɓule fatar tafin hannuna ban ji ba. Bashir ya ce minti goma aka yi. Ni ban yarda ba.

Da muka fito da su, Mukhtar ya yi ta aman ruwa, hannunsa na hagu yana lilo. Pak Din ya zauna yana haki. Ya dube ni ya faɗi kalma uku.

"Bashir, me ya ce? Faɗa mini daidai."

"Ya ce tsoho mai taurin kai. Jiya ma haka ya ce, Baba. Ya ce ruwan da ya rataye silifan nan, ranar ma rana ake yi."

Komawa

Muka ɗaure hannun da rawanin Pak Din. Tafiyar minti arba'in ta ci mana awa ɗaya da rabi, ni ba takalmi, ba gilashi, matsattsaku suna yadda suka ga dama ban ko kula ba. Shida saura muka isa asibiti a Raub, aka ce ƙashin wuya ya karye. Pak Din ya biyo mu har can, ya sayo mana shinkafa a ƙunshi. Da za mu rabu na riƙe hannunsa da hannu biyu. Duk harsunan da nake taƙama da su babu wanda ya yi mini amfani, sai na ce jazakallahu khairan. Wannan ya ji.

A mota, wajen Bentong, Mukhtar ya yi gyaran murya daga baya.

"Baba, ku yafe mini maganar da na faɗa."

"Wacce? Ta jiya ko ta yau?"

Na waiwaya na dube shi.

"Ta yau ita ta fitar da ni. Ta jiya, da ka ce duk yadda na gani, ita ce ta kusa mayar da 'yata bazawara. Kuma ni na sa ka faɗe ta."

Ƙarfe goma muka shiga Taman Melati. Hajara ta buɗe ƙofa, ta dubi hannun mijinta a rataye, ta dubi ƙafafuna. Ba ta tambaye ni komai ba, ta ɗora ruwan zafi. Na so a ce ta yi faɗa.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu. Na gode wa Bashir, da Pak Din, wanda ya shiga ruwa don ɗan mutanen da bai sani ba, bayan an raina maganarsa. Ƙashin ya haɗe, amma har yau hannun hagun Mukhtar ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa, kuma likitoci sun ce haka zai zauna. In ya ɗaga hannu zai yi kabbara, ɗaya yakan fi ɗaya tsawo, ni kuwa ina bayansa a sahu ina gani.