Fatahu da Allon Bango

Fatahu ɗan Damagaram ne, ɗan wani mai gyaran rediyo. Ya yi karatun kwamfuta a Yamai, ya yi shekara biyu yana zaman jiran aiki. A 2007, da kuɗin yuraniyam ya hau, kamfanoni suka yi ta kwararowa arewa, shi ma ya ɗauki jakarsa ya taho Arlit. Ni Maryama biro ɗaya, wato ofis, muka zauna da shi, a wani kamfanin manyan motoci mai yi wa masu haƙar ma'adinai dako. Mu uku ne masu rubuta manhaja, ni da Aghali da shi. Mu biyu an riga an ɗauke mu dindindin. Shi kwangilarsa ta wata shida-shida ce, kuma da ita yake riƙe mata da 'ya'ya biyu a ɗakin haya a unguwar Akokan.

Abin da aka ce mu yi shi ne manhajar da za ta riƙa faɗin wace mota ce lokacin gyaranta ya yi. Zamanin tawaye ne, hanyar Agadas sai da rakiyar soja, motar da ta lalace a daji kuwa ba mai tsayawa jiranta. An ba mu wata uku. Muka yi wata tara ba mu gama ba.

Fatahu ya fi mu duka iya aikin, amma bakinsa bai san a'a ba. Shugabanmu, Shef Ɗalhatu, mutum ne da ko kunna kwamfuta sai an kama masa, ga iya tafiyar manya. Sai ya leƙo ya ce, “Fatahu, ɗan zo, minti biyu.” Minti biyun nan katin bikin ƙanwar matarsa ne, ko hotunansa na Makka, ko sabuwar salular da ya saya don a gani alhali ta fi ƙarfinsa. Wuni ya tafi. Ran Litinin kuma a taro shi ne mai ɗaga murya: “Wai me kuke yi a ɗakin nan ban da shan sanyi?” Daga ƙarshe ya faɗa wa Fatahu a gabanmu cewa in watan Mayu ya ƙare babu manhaja, babu sabuwar kwangila.

Fatahu bai yi musu ba. Ya je gareji ya jawo wani tsohon ƙyauren katako, ya shafa masa fenti, ya raba shi gida uku: Ana Jira, Ana Yi, An Gama. Ya yayyanka kwalin sukari ya yi katuna. Kowane aiki, komai ƙanƙantarsa, sai an rubuta shi a kati, da sunan wanda ya kawo shi, da awoyin da ya ci. Ya ce kada kowa ya riƙe fiye da kati biyu a lokaci ɗaya. Ya kafa allon daidai ƙofa, inda direbobi ke wucewa zuwa karɓar takardun tafiya.

Cikin kwana goma sunan Shef ya hau kati goma sha ɗaya. Direbobin da suka iya karatu su tsaya su karanta wa sauran, a fita ana ƙunshe dariya. Fatahu dai bai taɓa ƙin aike ba. In Shef ya leƙo sai ya miƙe da ladabi ya ce, “To Shef, bari in rubuta.” Minti biyu ta mutu mutuwar Allah da Annabi. Mu ma muka ga abin da ba mu gani da: ni da Aghali mun yi sati biyu kowa yana jiran ɗan'uwansa a kan abu ɗaya. Cikin sati bakwai muka gama, saura kwana tara wa'adi ya cika. Wallahi na yi murna, na ce yau dai gaskiya ta yi halinta.

Sai aka ce babban darakta zai zo daga Yamai, kuma shi zai sa hannu a kan kwangiloli. Ranar zuwansa da safe na shigo na tarar da Fatahu yana cire katunan da ke da sunan Shef.

Na ce, “Malam Fatahu, kanka ɗaya kuwa? Su ne fa shaidarka.”

Ya ce, “Haba Maryama, babban mutum ne, ya haife ni. A bar baƙo ya ga wannan? Rufin asiri ya fi.” Ya zuba su a aljihun rigarsa.

Shef ya shigo da darakta yana baza babbar riga. Kai tsaye ya kai shi gaban allon, ya ce wannan tsari ne da shi Shef ya kawo don kowa ya ga aikin kowa. Ko kunya babu. Darakta ya yaba, ya duba gidan An Gama cike da katuna, sannan ya duba sauran gida biyun, ba kati ko ɗaya. Ya tambaya, to in wannan kaɗai ne aikin, me ya sa ya ci kusan shekara?

Shef ya ce, “Yawa ne ya yi musu, kowa na dogara da wani. Ga shi ma allon ya nuna ba abin da ke jira. Mutum biyu sun isa.”

Kowa a ɗakin ya san wanda za a rage. Na dubi Fatahu, na dubi aljihunsa da ya yi tudu, na yi masa alama da ido har sau biyu. Hannunsa na kan katunan, ina ganin yatsunsa suna motsi. Darakta ya juyo ya tambaye shi ko yana da abin faɗa.

Fatahu ya sunkuyar da kai ya ce, “Babu, ranka ya daɗe. Yadda Shef ya faɗa haka ne.”