Ƙanzon Autanmu

Har yau in shinkafa ta kama a tukunya, ni nake fara jin ƙaurin kafin kowa, amma ba na tashi da gudu in sauke kamar sauran mata. Nakan janye itace in bar ta ta ƙara kamawa kaɗan. Maƙwabta sukan ce ba ni da hanci. Hanci kam ina da shi, sai dai a gidan da na tashi a unguwar Sauka Kahuta ta Minna, ƙanzo abincin mutum guda ne.

Autanmu ne mutumin. Ya wuce shekarun da yara ke surutu bai ce uffan ba. In ka kira shi ba ya waiwayowa, amma da an tayar da injin markaɗe a layinmu sai ya toshe kunnuwa ya durƙusa yana kaɗa jiki. Kaka ta ce iska ce, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. A asibiti aka ce kunnensa lafiya lau. Daga nan kowa ya ce a bar wa Allah.

Ba ya cin komai sai ƙanzon farar shinkafa, wanda ya yi ja bai kai ga baƙi ba, ba mai ba miya. In miya ta taɓa gefensa ko da ɗigo ne, to ranar da yunwa zai kwana. Inna takan kankare masa da bayan cokali, shi kuma ya ɓalla ya kai kusa da kunne ya ji ƙarar, sannan ya ci.

Baba tela ne, duk azumi ba ma ganinsa sai da sahur. Wata shekara ɗinki ya yi albarka, sai ya ce washegarin Sallah zai fitar da mu cin abinci a waje, irin yadda ma'aikata ke yi da iyalinsu. Ku da kuka tashi yanzu ba za ku gane girman wannan magana ba. Inna ba ta taɓa zama an ajiye mata abinci a gaba ba tare da ta sha hayaƙinsa ba. Kaka ta ce a bar mata auta a gida. Inna ta ce in ba da shi ba ita ma ba ta zuwa, ta gaji da mutane suna lissafa 'ya'yanta suna tsallake ɗaya. So take sau ɗaya a gan mu duka a tebur guda. Ta ɗauko kwanonsa za ta ƙunsa masa ƙanzo, Baba ya ce abin kunya ne a shiga gidan abinci da kwano, ai duk inda ake dafa shinkafa ba a rasa ƙanzo.

Damina ce, an yi ruwa da safe, muna tafe muna ɗage riguna kada jar laka ta ɓata su. Gidan abincin a Sabon Gari yake, benci da tebura masu shimfiɗar leda, fanka tana juyawa a sama. Auta ya ga fankar ya kafa mata ido, ya zauna lafiya lau. Na ga Inna ta saki numfashi.

Mai abincin wata babbar mace ce mai fara'a, Kirista, Hausarta irin ta kasuwa, mace da namiji duk "kai" take ce musu. Ta yi mana barka da Sallah, Baba ya ce a kawo mana sakwara. Sai Inna ta rage murya ta ce ko za a samu ɗan ƙanzo, na yaron nan ne.

Matar ta dubi kayanmu, duk yadi ɗaya, ta dubi auta da siraran hannuwansa. A wurinta ƙanzo na kaji ne, ko na wanda aljihunsa bai kai ba. Ta ɗauka ƙarfin Baba ne ya ƙare kafin a zo kan ƙaramin.

"Kanzo? Haba Madam, yau Sallah," in ji ta. "Yaro ba zai ci kanzo a wurina ba. Kai bari, ni na ba shi."

Kafin Inna ta haɗa kalmomin da za ta yi bayani, matar ta dawo da faranti shaƙe da dafa-duka, ja wur da mai, ga cinyar kaza, ga miya a kai. Ta dafa kansa, shi da ko mu ba ma taɓa masa kai, ta ɗebo cokali ta nufi bakinsa.

Ƙarar da ya yi har yau tana kunnena. Faranti ya kife a cinyar Inna, shi kuma ya shige ƙarƙashin tebur yana buga goshi da ƙafar benci. Kowa ya bar cin abinci. Wani ya ce rashin kwaɓa ne, wata ta ce a yi masa tofi. Baba ya miƙe tsaye, ya cire hula ya mayar, yana ta faɗa wa mutanen da ba su tambaye shi ba cewa ba rashi ba ne. Ni ina riƙe da lomar sakwara, na rasa ko in ci ko in ajiye.

Inna tana durƙushe, tafinta tsakanin goshinsa da katako, ta ce wa matar shi ƙanzon ne abincinsa, ba ya cin wani. Sai a lokacin matar ta gane. Ta ruga baya da gudu, ta dawo hannuwanta jiƙe, ta tsaya.

"Madam, na riga na sa ruwa a tukunya, kanzo ya jike."

Ta ce a jira ta ɗora wata, amma auta ya riga ya wuce inda ake jira. Ya ƙi hawa acaɓa, sai Inna ta goya shi, ƙaton yaro ƙafafunsa na dukan gwiwoyinta, muka tako har gida. Da atamfar Sallar a jikinta, da miyar da komai, ta hura wuta. Har ta koma ga Allah ba ta sake cin abinci a waje ba, Baba kuma bai sake tayar da zancen ba.

Yanzu an ce abin da ke damun auta yana da suna, 'yata ta karanto mini a waya, bakina bai iya faɗarsa ba. Gidajen abinci masu ƙofar gilashi sun cika Minna. Auta yana wurina, har furfura ta fara fito masa a gemu. Duk Sallah yarana sukan ce in shirya mu fita da kawunsu, wai mutane sun waye, ba mai kallonmu. Wataƙila gaskiyarsu ne. Bara har na yafa mayafi, na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa yana zaune lafiya a tabarmarsa. Na daɗe a tsaye, sannan na ce musu su tafi kada mai keke ya gaji da jira.