Ranar da Kurihara Ta Daina Murmushi

Kullum da safe, tun ba a buɗe sashen cututtukan fata na asibitin garin nan ba, Kurihara Tomie ta jingine kekenta ta shiga ciki. Sai ta jera wa majinyata silifas, ta ɗumama hannuwanta da ruwan zafi don kada ta taɓa majinyaci da sanyi. Nas ce da ta tsufa a aikin, kuma ba wanda ya taɓa jin ta ɗaga murya. Wannan watan za ta yi ritaya, ni kuwa na ce sai duniya ta ji abin da ta yi wa Tek Magar.

Tek mutumin Nepal ne, kuku a wani ɗan gidan abinci kusa da tashar jirgin ƙasa. Japanancinsa bai wuce na gaisuwa da karɓar oda ba. Wani baƙin tabo ya fito masa a tafin ƙafa yana ta girma, aka yanki kaɗan aka auna. Ranar sakamako Dakta Ishiwata ya yi masa bayani irin na likitocin garin nan, murya ƙasa-ƙasa, fuska a sake, ana kewaya magana don kada zuciya ta tsinke. Ciwon daji ne, sai an yi aiki da gaggawa. Tek sai gyaɗa kai yake, "To, to, na gode." Aka tambaye shi ko ya gane, ya ce ya gane. Ya rusuna, ya fita har da ɗan fito.

Fiton nan ya tsaya wa Kurihara a rai. Wane ne za a ce yana da daji ya fita yana fito? Ranar da aka sa masa don yin aikin ta zo, bai zo ba. Ta kira shi a waya, sai ga murya cike da fara'a: "Kurihara-san! Ƙafa lafiya! Jibi Nepal, sai bazara!"

Tabɗi! Matar da ko gefen titi ba ta taka da kayan aiki, sai ga ta a kan keke da rana tsaka, ta nufi gidan abincin. Ta ratsa masu cin abinci, ta faɗa kicin ko gafara babu. Cokula suka tsaya a iska.

"Tek-san, zauna! Wa ka yarda ya ji sirrinka a nan?"

Ya nuna Bhim, mai gidan abincin, wanda ya iya Japananci. Ta durƙusa ta cire wa Tek takalmi da hannunta, ta ɗora yatsa a kan wurin.

"Bhim-san, faɗa masa yadda na faɗa, kada ka sa sukari. Daji ne. In ya hau jirgin nan, da wuya ya dawo."

"Haba, Inna, a nan? Ga kwastomomi can!"

"Su ci abincinsu!"

Da Bhim ya fassara, Tek ya yi tsuru-tsuru. "Amma likita murmushi yake yi mini."

"Mu haka muke," in ji ta. "Ko mutuwa za mu sanar da kai, sai mun yi murmushi. Dubi fuskata yanzu."

Ya duba, babu murmushi. Ludayi ya suɓuce masa.

Asibiti ya tsawata mata kan abin da ta yi, ta rusuna ta ba da haƙuri. Aka yi aikin, aka yanke wani sashe na diddigensa. Dakta Ishiwata ya ce da an jira bazara, da cutar ta gama jiki. Tun ranar ba ya sallamar baƙo sai ya kira tafinta.

Ke ce, Kurihara, wadda ta gwammace a kira ta mara kunya da ta bar ɗan mutane ya tafi da ajalinsa a ƙafa. Uwar baƙi, mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku da ke bakin aiki, in baƙo ya ce muku "to", don Allah ku sa shi ya maimaita abin da ya ji.

Jiya na ga Tek yana ɗingishi zuwa makarantar 'yarsa don ɗauko ta. Ba don ke ba, da yarinyar nan marainiya ce.