Takardar Ƙunshin Ƙosai

Damina ce mai ruwa, dam ɗin Tiga ya cika har bakin gonaki, amma a gidanmu shekarar ta zo da nauyi. Malam, maigidana, ya tashi daga ciwon shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta dawo, hannu bai dawo ba, kwalekwalensa na kife a bakin ruwa. Abin da ya fi damuna shi ne shirunsa. Mutumin da in ya fara ba'a sai na ajiye muciya, ya koma kallon bango. Ko gaishe shi aka yi, kai kawai yake ɗagawa.

Wata safiya na sayo masa ƙosai wurin maƙwabciyarmu. Takardar da ta ƙunso shi shafi ne na wata tsohuwar mujallar Turawa, irin takardun da masu tuya ke sarowa a kasuwa. Mai ya ɓata rabinta, amma zanen ya fito. Wani ne mai gashin baki da doguwar hula, yana riƙe da jariri kamar an miƙa masa garwashi, tukunya na hayaƙi a bayansa. Matarsa kuwa ta harɗe a kujera da jarida. Kayan jikinsu ma na zamanin kakanni ne.

Karatuna na yaƙi da jahilci ne, Hausa kawai, rubutun da ke ƙasan zanen kuwa Turanci. Sai na ƙirƙiro nawa. Na miƙa masa na ce, "Malam, ka ji ta. Cewa take, in tuwon ya ƙone, kai za ka kankare tukunyar."

Ya daɗe yana kallo. Can ya ce, baki a ɗan karkace, "Ba haka ba ne."

"To me ta ce?"

"Ba ita ke magana ba, shi ne. Cewa yake, baiwar Allah, wanne zan sauke, yaron ko tukunyar?"

"In kai ne fa?"

"Ni? Hular nan zan fara saukewa."

Dariya ta ƙwace masa, irin ta da, har ya ƙware. Na juya ina neman ruwa don kada ya ga idona. Ya cinye ƙosan tas, ya ce a ajiye masa takardar.

Washegari da sassafe na yafa mayafi na shiga gidan mai ƙosai. Na roƙe ta kada ta ƙunsa wa kowa komai sai na duba. Na zauna gefen kaskonta ina buɗe shafukan, ina ware masu zane.