Alhamis ɗin da Akwatin Ya Yini a Buɗe

Akwatin rediyonmu na farko maigida ne ya zo da shi daga Kaduna, shekaru kaɗan kafin Turawa su tafi. Lokacin yana malamin daji a En'e ta Birnin Gwari, ni kuwa ban daɗe da barin makarantar 'yan mata ba aka kawo ni gidansa. Akwatin ba shi da girma. Batirinsa ne ƙato, mai nauyin tubali, kuma in ya ƙare sai an jira motar Kaduna. Don haka maigida ya kafa doka: a buɗe da safe a ji karatun Alƙur'ani, a buɗe bayan magariba a ji labarai, sauran lokaci a lulluɓe shi da ƙyalle. Abin da ake yi a ciki tsakanin nan da can ban sani ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Wata Alhamis cikin kaka, maigida yana rangadi wajen Dogon Dawa, sai ga tsohuwar Bafilatanar da ke kawo mini nono daga rugarsu ta hanyar Kuyello. Kullum a tsaye take auna mini ta wuce. Ran nan ta zo da surukarta, ta sauke ƙwarya, ta zauna a rumfar ƙofar ɗakina, ta ce ƙafa ke damunta.

Na shiga madafi, surukar ta biyo ni, ta yi ƙasa da murya. Mijinta, ɗan farin tsohuwar, ya bi fatake kora shanu zuwa Kaduna. Labari ya iso ruga cewa ruwa ya ci su a wani mashigi, wani ya rasu, wasu suna asibiti, ba a san wane ne wane ba. Wani falke kuma ya ce ranar Alhamis mutumin rediyo kan shiga asibiti ya ba majinyata dama su gai da gida. Abin da ya kawo su ke nan.

Na ce to, yaya sunansa, don in kasa kunne? Ta ja mayafi ta rufe baki. Mace ba ta faɗin sunan mijinta. Na leƙa wajen tsohuwar, sai na tuna ita ma ba za ta ambaci ɗan fari ba, ko da wuƙa a wuya. Ba ma za ta yarda cewa saboda shi ta zo ba. Lokacin shirin kuwa ba wanda ya sani a cikinmu. Na yi bismilla na yaye ƙyallen.

Surukar ta ɗauki nonon ta shiga gari talla. Muka rage ni da tsohuwar da akwatin.

Da farko Turanci aka yi ta zubawa. Ina tsintar abin da makaranta ta bar mini, maganar majalisa ce a Ikko. Sai wani malamin gona ya zo da Hausa yana yabon takin zamani, ya ce a zuba wa gyaɗa da auduga. Tsohuwar ta ce, ba tare da ta dubi akwatin ba, wanda ya sa shanu suka kwana a gonarsa ba ya bukatar wannan wa'azi. Bayansa wata ma'aikaciyar asibiti ta yi bayanin tafasa ruwan sha da yanke cibiya da sabuwar reza. Da aka ce asibiti na ga hannun tsohuwar ya tsaya a kan faifan da take gyarawa, sannan ya ci gaba. Aka koya wa 'yan makaranta Turanci, malamin yana faɗa yana jira a maimaita, ba mai maimaita masa sai kajina.

Da hantsi ya yi sosai suka yi sallama, akwatin ya koma shuu. Na kashe, na cire batirin na kai shi rana kusa da kuɓewar da nake shanyawa, don na ga maigida yana yin haka in ya fara sanyi.

"Sun tafi ke nan, matar malam?"

"Hutu suka tafi, Inna. Za su dawo."

"Ni ba ruwana. Ƙafa ce ta zaunar da ni."

Na zuba mata dambu, ta taɓa kaɗan. Muka yi azahar tare a tabarma ɗaya, ta daɗe a sujadar ƙarshe.

Da suka dawo, goge suka sa. A gidanmu ba a jin goge, kuma da ni kaɗai ce da na rufe. Amma ina tsoron in rufe a wuce wurin, sai na rage murya na yi ta istigfari ina tankaɗe. Aka yi bayanin yadda ake jefa ƙuri'a, abin da bai shafe mu mata ba a lokacin. Wani malami ya amsa tambayar mai shakka a alwala. Aka yi cigiyar jaki. Duk ana wannan batirin yana raguwa, muryoyin suna ƙara nisa kamar mai magana yana ja da baya.

Bayan la'asar surukar ta dawo da ƙwarya wayam, ta zauna can gefe, bayanta ga uwar mijinta. Ba a jima ba mai gabatarwa ya ce ga shi a ɗakin majinyata maza. Na matsa na manna kunne. Wani soja ya gai da iyayensa. Wani tela ya gai da duk wanda ya sani har aka karɓe abin magana. Sannan aka ce ga wani makiyayi daga ƙasar Birnin Gwari, aka faɗi sunansa. Tun da su ba su faɗa ba, ni ma ba zan rubuta ba.

Muryar ta fito siririya, Hausarsa da gargada. Ya gai da arɗo. Ya gai da mutanen ruga, manya da yara. Ya ce ƙafa ce ta karye, an ɗaure, an ce zai taka. Bai ambaci uwa ba, bai ambaci mata ba. Mai gabatarwa ya tambaye shi ko shi ke nan, sai ya ce:

"A duba jar saniyar nan mai karyayyen ƙaho, ta kusa haihuwa."

Surukar ta kifa kai a gwiwa. Tsohuwar ta ɗaga ƙwaryar da ba komai a ciki ta leƙa, ta mayar da faifai ta rufe.

"Yaran yanzu ba kunya," in ji ta. "Mutum ya yi ta surutu duniya tana ji. Tashi mu tafi, dajin nan ba a shigarsa da duhu."

Ta miƙe ba dafa ƙasa. A zaure surukar ta raɗa mini cewa jar saniyar ta tsohuwar ce, ita kaɗai ke tatsarta.

Da magariba na buɗe don labarai, akwatin bai ce uffan ba. Maigida ya dawo ranar Asabar ya tarar da shi haka. Na gaya masa yadda aka yi. Ya juya batirin a hannu, ya ce Allah ya ba yaron lafiya, ya ba direban motar Kaduna saƙo. Muka yi kwanaki ba karatun safe sai wanda muka yi da bakinmu.

Cikin kwanakin nan tsohuwar ta kawo nono, ta auna a tsaye kamar yadda ta saba. Har ta ɗora ƙwarya a ka, sai ta juya wajen akwatin da ke lulluɓe a kan teburi, ta ce jar saniyar ta haihu, mace. Sannan ta fita.