Ranar da Na Hana Ɗan Farina Hanyar Maradun

Ɗan farina likita ne, amma ba ya allura, ba ya duba marar lafiya. In mata suka tambaye ni likitan mene ne, sai in ce likitan dodon koɗi, su yi ta dariya, ni kuwa ba wasa nake ba. Malami ne a jami'a, kuma tun da ya kama aiki abin da yake bi ke nan, 'yan ƙananan dodon koɗin nan da ke maƙale a ciyawar kanal, wato hanyoyin ruwan da aka haƙa daga madatsar Bakolori zuwa gonakin shinkafa. Ya ce a jikinsu ƙwayar tsargiya take girma, ta fito cikin ruwa ta shiga fatar duk wanda ya taka. Mu da muka taso, in yaro ya yi fitsarin jini cewa ake ya fara zama namiji. Shi ma ya yi yana yaro. Ashe bai manta ba.

Ban taɓa kiran sunansa ba. Haka muka tarar, uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta kallon tsakiyar idonsa, ba ta zama hira da shi. Ana yaye shi yayar mijina ta zo daga Bakura ta goya abinta ta tafi, a hannunta ya girma. Duk maganar da nake da ita gare shi, ita nake gaya wa ta kai. In ya zo gaishe ni yakan durƙusa daga bakin ƙofa, in amsa ina duban gefe. Mahaifinsa ya rasu, shi kuma ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, furfura ta fara fito masa, ba abin da ya sake tsakaninmu.

Kowane rani, in an saki ruwa a kanal, gidana na Mafara yake sauka. Tsakar gida ta cika da bokitai, da takalman roba har gwiwa, da wata rariya mai dogon mariƙi da yake kwasar ciyawa da ita. Ya dawo da laka har ƙugu, ya zauna ya zuba kowane dodon koɗi a 'yar kwalbarsa, ya jera su a rana, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da madubi yana duba wanda ya saki ƙwayar. Ni kuwa in ɗauko faifai in zauna sheƙar abin da ba ya bukatar sheƙa, ina satar kallonsa. Wannan shi ne rabona da shi, kuma ya ishe ni.

To sai wani rani ya zo a rame, dariyar da yake yi da maƙwabta ta ɗauke. Matarsa ce ta biyo ni madafi ta faɗa mini, murya ƙasa-ƙasa.

Ta ce, "Inna, an sake yin ƙarin girma, an tsallake shi. Waɗanda ya koyar ma sun fara wuce shi."

Na ce, "Laifin mi ya yi?"

"Ba laifi ba ne, Inna. Su aikinsu ba a auna shi da wahalar da mutum ya sha. Ana duba rubuce-rubucen da ya fitar a mujallun masana, sannan a duba masana nawa a duniya suka ambaci rubutun nasa, suka kafa hujja da shi a nasu. Nasa ba su da yawa, masu ambatonsa ma ba yawa."

Na ce, "Wa ke lissafin?"

Ta ce na'ura ce ke tarawa, kowa ya buɗe zai gani.

Na koma kan tuwona ina juyawa. Ta ci gaba ta ce akwai wani babban rubutu da ya daɗe yana haɗawa, wanda ya bi kanal ɗin tun daga sama har ƙasa, rani da damina, shekara da shekaru. Ya aika, masu tacewa suka dawo masa da shi. Suka ce aikin ya yi kyau, amma akwai giɓi: ɓangaren sama, wajen Maradun kusa da bakin madatsar, ya daina zuwa tun da hanya ta lalace da 'yan bindiga. Sai ya cike wannan giɓin za su buga. Shi ya sa ya ɗauki hayar mota, jibi zai shiga.

Na ajiye muciya. Wannan hanya ba labari muke ji ba. A unguwarmu akwai gidan da aka ɗauke musu mutum yana cikin gonarsa, har yau matarsa ba ta san ko takaba za ta yi ko jira ba. Balle mutum mai mota da tabarau, ya tsaya tsakiyar fili ya sunkuya cikin ruwa rabin yini, kowa na hango shi daga nesa.

Washegari na hau babur zuwa Bakura. Na tarar da gwaggonsa a inuwar ɗaki tana tsinkar zogale. Muka gaisa, gajiya, iyali, sanyin ƙafa, mutanen Mafara, har muka kai ƙarshe.

Ta ce, "Amaryarmu, lahiya da rana tsaka? Ko kin zo duba in na mutu ki gaji tabarmata?"

Na ce, "Yaya, ɗanki zai shiga Maradun."

"Na sani. Ya biyo ya hwaɗa mini."

"Kika ce mi?"

"Na hana. Ya zauna ya yi ta zuba mini bayani har kaina ya ɗauki ciwo, ya kawo wata shashancin magana ya sa ni dariya, ban ankara ba na ce Allah ya tsare. Kin san ni da shi. Wanda na wanke wa kashi, yaushe zai ji tsorona?"

Na ce ta sake kiransa, ta ce masa saƙo ne daga gare ni.

Ta ture tiren zogalen ta dube ni. "Tun yana rarrafe nike ɗaukar miki saƙo. Ki ce ya sa riga, in kai. Ki ce ya yi aure, in kai. Kuma duk saƙon da ya biyo ta bakina, kafin ya isa ya huce. Wagga magana in kina son ta kama shi, ki kai abinki da kanki. Ke ce bai taɓa jin muryarki a kansa ba."

Na dawo gida ban ci komai ba.

Da hantsi a ranar tafiyar, an gama loda bokitai a mota, direba na ta danna ham a waje. Ya zo bakin ƙofata ya durƙusa kamar kullum.

"Inna, za mu fita. A sa mu a addu'a."

Na juyo na dube shi. Na ga tabon da ke gefen girarsa, wanda aka ce mini ya samu garin faɗowa daga jaki a Bakura, ban taɓa ganinsa kusa haka ba. Shi ne ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Kai. Ban yarje maka ka tahi ba."

Matarsa ta tsaya cak da buta a hannu.

Ya ce, "Inna, ba don kujera kaɗai ba ne. Masu rabon maganin tsargiya a makarantu, rubutun da aka buga suke dubawa su san inda cutar ta fi tsanani. Wurin da ba a rubuta ba, kamar babu shi ne. Ƙauyukan can sama ba wanda ya leƙa su tun da aka fara wannan fitina. In ban je ba, ba mai zuwa. Yini ɗaya ne, kafin la'asar mun juyo."

Gaskiya ya faɗa, na san gaskiya ce. Na tuna yaran da ke tsalle cikin kanal da tsakar rana, na tuna iyayensu mata da ke wanki a bakinsa. Duk na tuna. Amma ba su ne durƙushe a gabana ba.

Na ce, "Na ji. In ka taka hanyar Maradun, ban yahe ba."

Kalmar ta riga ta fita. Ba kalmar da uwa ke wasa da ita ba ce, shi ma ya sani. Ya ce, "To, Inna." Ya tashi ya fita, ya sallami direba, ya riƙa shigo da bokitan da kansa yana jerawa a gindin bango. Bai bar kowa ya taya shi ba.

Daga baya matarsa ta ce mini ya datse rubutun, ya fitar da ɓangaren ƙasa kaɗai a wata ƙaramar mujalla. Masu ambato ba su ƙaru da wani abin kirki ba. Da aka sake zaman ƙarin girma, aka sake barinsa inda yake. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, ko a fuska. Yana zuwa, yana durƙusawa, yana aiko da shinkafa da atamfa. Ni ma ban janye maganata ba, don hanyar ba ta gyaru ba. Ko yau aka mai da ni bakin ƙofar nan, abin da na faɗa shi zan faɗa. Sai dai duk sanda maƙwabciya ta ce mini jikanta na fitsarin jini, nakan rasa inda zan sa idona.

Bayan ƙaramar salla ya zo shi kaɗai. Wannan karon ya shigo ɗakin, ya zauna a gefen tabarma. Ya ce wata jami'a can kudu ta neme shi. Suna da koguna da tafkuna da mutum zai shiga ya fito lafiya, suna da masu aiki irin nasa da za su riƙa rubutu tare. Da iyalinsa zai koma. Tafiyar ta fi yini a mota, zuwa gida sai dai shekara-shekara, in hali ya yi.

Na ce, "Kanal ɗinmu fa?"

Ya ce, "Sai Allah ya kawo wani, Inna."

Na lalubi abin da zan hana shi da shi, ban samu ba. Ba 'yan bindiga a hanyar, ba laifi a neman abin da ya yi wa wahala. Ya ce ba zai amsa musu ba sai na yarje.

Na ce, "Ka tahi. Allah ya yi maka albarka, ya sa su yi ta ambatonka."

Ya ce amin. Ya tambaye ni ko zan aika wa jikokina da wani abu kafin su tashi, na ce ya tsaya a ƙulla musu ƙuli-ƙuli.