Daƙiƙa Casa'in da Huɗu na Zulaihat

Malam Maccido mutumin Kebbe ne, amma a Tambuwal ya ci ƙuruciyarsa ya kuma tsufa, yana buga wa mutane takardu a wani ɗan shago kusa da tasha. Shekara talatin ya yi da tafireta. Da kwamfuta ta zo, ya yi wata guda yana harararta kamar baƙon da ya zo ba sallama.

'Yarsa Zulaihat ce ta sasanta su. Ta lura linzamin kwamfutar, ɗan abin nan da ake ja a kan teburi ana dannawa, yake tsoro, sai ta buɗe masa wani wasa: allo cike da ƙananan akwatuna, wasu da nakiya mai fashewa a ɓoye. In ka danna akwati ka ga ɗaya, nakiya ɗaya ce ke maƙwabtaka da shi. In uku, uku. Da lambobin nan za ka gano inda mugun abu yake, ka kafa masa jar tuta, ka buɗe sauran. Ka taka nakiya, wasa ya ƙare. Malam kuwa ya taka ta fi a ƙirga, Zulaihat na dariya har da riƙe ciki, tana cewa Baba ya daina danna abu da sunan tawakkali.

Wasan suna ɗaya tak yake ajiyewa, na wanda ya fi kowa sauri. Zulaihat ta gama a daƙiƙa casa'in da huɗu, ta rubuta sunanta. Bayan ta yi aure ta koma koyarwa a Fakku, zazzaɓin kwana uku ya ɗauke ta. Malam bai yi kuka a gaban mutane ba, amma ya ƙi sauya tsohuwar kwamfutar, ko da ta fara nishi kamar tsohon jaki.

Kullum bayan Azahar sai ya buga wasan. Abin tausayi, hannu ya faɗa, har ya fi ta sauri. Saboda haka in saura akwati ɗaya, sai ya ɗage hannu ya ja carbi, ya jira agogon wasan ya wuce casa'in da huɗu, sannan ya danna. Shekara shida yana haka don kada sunanta ya goge.

Wata Alhamis yana cikin jiran nan, Nuraddeen, mijin marigayiyar, ya yi sallama daga bakin ƙofa. Rabonsu da juna tun sadakar arba'in. Malam ya zabura zai miƙe ya ba shi hannu, ya dafa teburi, tafinsa ya sauka kan linzami. Akwatin ƙarshe ya buɗe. Agogo ya tsaya a casa'in da ɗaya, kwamfuta ta taya shi murna, ta ce sabon gwani ya rubuta sunansa.

Nuraddeen ya ga fuskar surukinsa ta sauya, ya tambayi ko lafiya. Malam ya yi masa bayani da ƙyar.

"To Baba, ka sake rubuta sunanta mana," in ji Nuraddeen. "Wa za shi sani?"

Malam ya zauna. Ya buga haruffan ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda, shi da ke buga wasiƙa ba ya kallon hannunsa. Ya daɗe yana duban allon.

"Sunan nata na," ya ce. "Amma wanga lokaci ba ɗiyata ta yi shi ba. Nata na goge da hannuna."

Sai ya kifa kai a kan teburin, ya yi kukan nan a gaban surukinsa.